Zaɓen Mai da Saitin Kafireta a Babur Mai Bugu Biyu: Waiwaye a kan Sana'ar Kanikanci a Tudun Wadar Zariya

Tsakure

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, rage shan mai ya zama babban burin duk wanda abincinsa ya rataya a kan babur. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda inji mai bugu biyu yake aiki, da irin man da ya dace da shi, da matakan saita kafiretarsa, tare da la'akari da yanayin Tudun Wadar Zariya. Maƙalar ta nuna cewa a irin wannan inji fetur yana yin aiki uku a lokaci guda: yana ba da ƙarfi, yana sanyaya fistin, kuma tare da shi man gogayya yake isa cikin inji. Saboda haka, ƙuntata masa mai fiye da kima hanya ce ta kashe shi, ko da kuwa an ga sauƙi a aljihu na ɗan lokaci.

Fitilun Kalmomi: Babur, Kafireta, Fetur, Kanikanci, Tudun Wada

1.0 Gabatarwa

Masana al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan sana'o'in gargajiya irin su ƙira da jima da saƙa da rini. Kanikanci kuwa baƙuwar sana'a ce da ta zama 'yar gida, har ta ɗauki tsarin da ta tarar: akwai maigida, akwai yaran da iyayensu suka danƙa masa, kuma koyo da ido da kunne ake yin sa, shekara da shekaru. Sai dai ilimin da ke cikin wannan sana'a bai samu shiga rubutun Hausa yadda ya kamata ba. Yana nan a bakin kanikawa da hannuwansu, ga shi kuma nau'in injin da wasunsu suka ƙware a kai yana ja da baya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace wani yanki na wannan ilimi cikin Hausa, wato zaɓen mai da saitin kafireta a babur mai bugu biyu. An zaɓi wannan yanki ne domin a nan ne buƙatar mai babur da lafiyar injinsa suka fi cin karo da juna.

2.0 Tudun Wada da Babur Mai Bugu Biyu

Tudun Wada unguwa ce da ta kafu a wajen ganuwar birnin Zazzau a farkon mulkin mallaka, a matsayin mazaunin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birnin ba. Tana tsakanin Birni da Sabon Gari, ga Ƙofar Doka a gefe guda, ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da Gyallesu a maƙwabtaka. Wanda ya fito daga Birni zai nufi Sabon Gari ko Samaru, galibi ta nan zai ratsa. Wannan matsayi ya sa unguwar ta zama mahaɗar 'yan acaɓa da masu gyaran babura da masu sayar da kayan gyara.

Babura masu bugu biyu sun daɗe a wannan ƙasa. Basfa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ta zama abin hawan malamai da ma'aikata, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970. Ƙananan baburan Suzuki da Yamaha na Japan su ma sun samu karɓuwa. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin, wadda aka ƙera bisa tsarin Suzuki AX100, ta mamaye sana'ar acaɓa, kafin Bajaj Boxer ta Indiya mai bugu huɗu ta karɓe kasuwar. Duk da haka, tsofaffin baburan ba su ƙare ba. Suna hannun manoma da ƙananan 'yan kasuwa da dattawan da ba su rabu da Basfarsu ba. Haka kuma irin wannan inji ne a cikin ƙaramin janareton da ake haɗa wa fetur da mai, wanda ake gani a ƙofar shaguna.

3.0 Yadda Injin Yake Aiki

Abin da ake nufi da "bugu" a nan shi ne tafiyar fistin sau ɗaya a cikin silinda, ko dai hawa ko sauka. Inji mai bugu huɗu yana raba aikinsa gida huɗu: zuƙa, matsa, ƙonawa, da fitar da hayaƙi. Mai bugu biyu kuwa yana kammala duk wannan a hawa ɗaya da sauka ɗaya. Dugald Clerk ɗan Sikotilan ne ya yi rajistar irin wannan inji a 1881, sannan Joseph Day na Ingila ya sauƙaƙa shi zuwa tsarin da babura suka gada.

A wannan tsari, haɗin iska da fetur ba ya shiga saman fistin kai tsaye. Idan fistin ya hau, sai ya zuƙo haɗin zuwa ɗakin ƙasa inda karanshaf yake juyawa. Idan ya sauko, sai ya tura haɗin ta wasu kafofi da ke jikin silinda zuwa sama, sabon haɗin kuma ya kori hayaƙin da ya rage. Abubuwa uku ne suke biyo bayan wannan tsari.

Na farko, tunda ɗakin ƙasa hanyar fetur ce, ba za a iya tara baƙin mai a cikinsa ba. Dole man gogayya ya bi haɗin ya shiga, ya shafi boris da fistin, sannan ya ƙone. Wannan ne asalin shuɗin hayaƙin da aka san waɗannan babura da shi. Na biyu, injin yana ƙona mai a kowane zagaye, saboda haka kan fistin ba ya samun hutun da zai huce, sai dai sanyin da sabon fetur yake kawowa yayin da yake zama tururi. Na uku, akwai lokacin da kafar shiga da kafar fita suke buɗe tare, don haka wani kaso na fetur yana ficewa ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Ke nan yawan shan mai a cikin ƙirar injin yake, kuma babu wani sukuru da za a murɗa ya kawar da shi.

4.0 Zaɓen Mai

4.1 Fetur

Ana auna juriyar fetur ga matsi da lambar oktan. Fetur mai ƙarancin oktan yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi, sai a ji wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Idan abin ya daɗe, yana iya huda kan fistin. Ƙananan babura masu bugu biyu ba su da matsi mai yawa, don haka fetur na gidan mai ya wadace su, muddin tsantsarsa ne. Matsalar tana ga abin da ya shiga cikinsa tsakanin tankar dako da tankin babur.

Abu na farko shi ne kananzir. A shekarun da ya fi fetur araha, an sha samun masu gauraya su. Kananzir yana rage oktan, ba ya zama tururi da wuri, kuma yana barin baƙin dauɗa a kan fistin. Na biyu shi ne ruwa, wanda ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin kofin kafireta, daidai inda jet yake zuƙa. Na uku shi ne tsufa. Fetur ɗin da ya yini a jarka ko kwalba cikin rana yana rasa sassansa masu saurin tashi, babur ya riƙa wuyar tashi da safe, ragowar kuma ta zama danƙo ta toshe ƙananan kafofi. Wannan ne haɗarin da ke cikin sayen mai a hannun 'yan bumburutu, ko da mai sayarwar bai yi algus ba.

Gidan mai ma bai tsira ɗungurungum ba. A watan Fabrairun 2022 hukumomin man fetur na Nijeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, lamarin da ya jawo janye shi daga kasuwa da dogayen layuka. Irin wannan fetur ya fi illa ga inji mai bugu biyu, domin metanol yana jawo ruwa, yana cin roba, kuma ba ya gaurayuwa sosai da man gogayya na yau da kullum.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Idan aka zuba fetur a farar kwalba aka bar shi ya natsu, ruwa da laka za su bayyana a ƙasa. Idan kuma aka ɗiga shi a farar takarda kafin a haɗa shi da mai, tsantsar fetur zai bushe bai bar tabo ba, wanda aka gauraya da kananzir ko man dizal kuwa zai bar maiƙo.

4.2 Man Gogayya

Man da ya dace shi ne wanda aka rubuta 2T a jikin robarsa. An yi shi ne domin ya narke cikin fetur, ya kuma ƙone ba tare da barin toka mai yawa ba. Ma'aunin JASO na Japan ya kasa shi zuwa darajoji, inda FB yake na talaka, FC da FD kuma suka fi ƙarancin hayaƙi da tsabtace inji. Baƙin man mota an yi shi ne ya zauna a cikin inji yana zagayawa, kuma yana ɗauke da sinadaran da suke zama toka idan sun ƙone. Tokar tana daskarewa a kan fulogi, tana liƙe ringi a cikin raminsa, tana kuma toshe kafar hayaƙi da salansa. Mafi muni shi ne tsohon baƙin man da aka juye daga wani inji, domin garin ƙarfe ne a cikinsa. Araha dai ba ta ado.

4.3 Awon Haɗi

Hanya biyu ce man gogayya yake bi. Ko dai a haɗa shi da fetur a tanki, kamar a tsofaffin Basfa, ko kuma famfo ya tura shi daga wani ƙaramin tanki na daban, tsarin da Yamaha ta fito da shi a 1964 da sunan Autolube, Suzuki kuma take kiran nata CCI. Ga mai haɗawa da hannu, lissafin a kan kowace lita ta fetur shi ne: awon 50:1 yana buƙatar mililita 20, awon 40:1 mililita 25, awon 25:1 mililita 40, awon 20:1 kuma mililita 50. Awon da kamfanin da ya ƙera babur ya ƙayyade shi ne abin bi, kuma sirinji ko ƙaramin kofin awo ya fi kintace da murfin roba.

Akwai kuskure biyu da suka yaɗu. Ɗaya shi ne zaton cewa yawan mai kullum alheri ne. Man da ya wuce kima yana jiƙa fulogi, yana toshe salansa, sannan yana cin gurbin fetur a cikin abin da jet yake wucewa da shi. Ɗayan kuma shi ne cire famfon mai idan ya fara ba da matsala, a koma haɗawa a tanki. A wasu samfuran Suzuki famfon yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf, don haka cire shi ba tare da an yi wa boris ɗin wata hanya ba yana barin sa a bushe.

5.0 Kafireta

5.1 Sassanta da Aikinsu

Aikin kafireta shi ne auna fetur gwargwadon iskar da inji yake zuƙa. Tana da maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. Idan iska ta ratsa ƙuncin sai gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, ta tsotso fetur daga kofin da ke ƙasa. Wannan ka'ida tana komawa ga aikin Daniel Bernoulli na 1738 da na Giovanni Venturi na 1797. A lissafin kimiyya, giram ɗaya na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus, amma inji ya fi ba da ƙarfi, ya kuma fi yin sanyi, a wajen 12.5 zuwa 13. A wannan maƙala an ari kalmomin madafa, an kira haɗin da fetur ya yi wa yawa "mai kauri", wanda iska ta yi wa yawa kuma "tsinkakke".

A irin kafiretar da ke jikin Suzuki da Yamaha da Jincheng, kowane sashe yana da yankin totur da yake mulka. Ƙaramin jet da sukurun iska su ne masu iko daga silo zuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Allura, wadda take rataye a jikin ɗan tulun ƙarfen da wayar totur take ɗagawa, tana mulkin tsakiya, daga ɗaya bisa huɗu zuwa uku bisa huɗu. Babban jet shi ne mai iko daga nan zuwa ƙarshen totur. Fulot, wato abin da ke yawo a saman fetur a cikin kofi yana buɗe hanyar mai yana rufewa, ya shafi dukkan yankunan. Sanin wannan rabo shi ne rabin aikin, domin babur ɗin da ke shaƙewa a tsakiyar totur ba sukurun iska ne maganinsa ba.

5.2 Tasirin Yanayin Zariya

Kafireta ba ta san nauyin iska ba, kuma nauyin iska yana sauyawa. Zariya tana sama da mita 600 daga doron teku, don haka iskarta ta fi ta Legas sauƙi da kimanin kashi 6 cikin 100. Saitin da ya yi daidai a bakin teku zai ɗan yi kauri a nan. Zafi ma yana da nasa tasirin. Tsakanin asubahin hunturu mai maki 13 a ma'aunin Salshiyas da azahar ɗin bazara mai maki 38, nauyin iska yana bambanta da kusan kashi 8 cikin 100. Babur ɗin da aka tsinka wa haɗi har iyaka a watan Afrilu zai ƙara tsinkewa a sanyin Disamba, kuma wannan ɗan ƙarin na iya zama abin da zai ƙarasa shi.

Ƙurar hunturu tana aiki ta ɗaya ɓangaren. Tana toshe matatar iska, haɗi ya yi kauri, babur ya riƙa shan mai. Wasu sukan cire matatar gaba ɗaya su ji babur ya saki, alhali sun tsinka haɗin, sun kuma buɗe wa yashi ƙofa zuwa ga boris da silinda. Abin da ake buƙata shi ne wanke soson, a busar da shi, a ɗan shafa masa mai.

5.3 Matakan Saiti

Ba a fara saiti sai an tabbatar da abubuwa huɗu: matatar iska tana da tsabta, fetur sabo ne, salansa ba a toshe take ba, kuma babu inda iska take satar shiga. Satar iska takan faru ta fakin da ke tsakanin kafireta da inji ko ta robobin gefen karanshaf. Alamarta ita ce inji ya ci gaba da kuka sama bayan an saki totur. Saita kafireta a kan irin wannan inji aikin banza ne.

Bayan haka sai a wanke jet da fetur da iska, a guji zura musu waya domin tana faɗaɗa kafar. A duba tsayin fulot, a ɗaura, a bar inji ya yi zafi. Sai a murɗa sukurun iska ciki a hankali har ya zauna, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare, har a kai inda inji ya fi sakin murya, sannan a daidaita silo da nasa sukurun. A irin wannan kafireta, shigar da sukurun iska yana kaurara haɗi, fito da shi yana tsinka shi. Idan sai an fito da shi fiye da zagaye biyu da rabi kafin inji ya daidaita, ƙaramin jet ya yi girma.

Allura galibi tana da gaɓoɓi biyar da ake maƙala mata ɗan zobe. Sauko da zoben yana ɗaga allura, fetur ya ƙaru. Hawar da shi yana sauke ta, fetur ya ragu. Gaɓar tsakiya ce mafari. Babban jet kuwa a kan buɗaɗɗen titi ake gwada shi, kuma daga mai girma ake farawa a sauko. Ka'idar da ta game duka ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, kafin a taɓa na gaba.

5.4 Shaidar Fulogi da Kunne

Fulogi shi ne mashaidin abin da ke faruwa a cikin silinda. Bayan an yi tafiya mai ɗan nisa, a kashe inji nan take ba tare da barin sa a silo ba, a kwance fulogin a duba farin kaskon da ke bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa alamar daidaito ce. Baƙi mai kama da kunkunniya ko mai maiƙo yana nuna kauri ko yawan man gogayya. Fari fat kuwa, balle a ga ɗigon ƙarfe a jikinsa, gargaɗi ne cewa fistin yana dab da narkewa. Kunne ma yana da rabonsa. Haɗi mai kauri yana sa inji ɓarɓarniya da nauyin tashi, tsinkakke kuma yana sa shi ya yi kamar numfashinsa ya ɗauke idan aka murɗa totur da sauri.

6.0 Rage Shan Mai da Abin da Yake Jawowa

Kafin ƙarshen Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin kwanaki kaɗan ta haura 500 a Arewa, kuma a watan Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Ga ɗan acaɓar da zai kai balas da yamma, ya kuma kai cefane gida, roƙon bakanike ya rage wa babur shan mai abu ne da hankali zai ɗauka. Hanyoyin da aka saba bi su ne sauke allura zuwa ƙarshe, da sanya ƙaramin jet, da rage tsayin fetur a kofi.

Haɗarin yana cikin yadda sakamakon farko yake da daɗi. Hayaƙi zai ragu, murya za ta yi kaifi, mai zai ƙara auki. Amma zafin kan fistin yana hawa, kuma a babur ɗin da ake haɗa wa mai a tanki, duk abin da aka rage na fetur an rage shi ne tare da man gogayya. Fistin na alminiyam ne, yana kumbura da zafi fiye da bangon silinda. Ranar da aka ɗauki kaya mai nauyi ko aka miƙe hanyar Kano ko ta Kaduna da cikakken totur, sai ya cije a cikin silinda, tayar baya ta tsaya cak. Wannan ne kanikawa suke cewa inji ya buga. Idan an tsira da rai da ƙafa, saura sayen fistin da ringi, da gyaran silinda, da kwanakin zama babu aiki. A misali, wanda yake shan lita uku a yini, idan ya rage kashi ɗaya bisa goma, abin da ya tsira da shi bai kai sulusin lita ba. Garin neman ƙiba an samo rama.

Akwai hanyoyin rage shan mai da ba su taɓa lafiyar inji: tsabtace matatar iska, sauya allurar fulot idan kofi yana ɗiga, rufe famfon tanki idan an ajiye babur, kankare dauɗar kafar hayaƙi da ta salansa, cika iskar taya, da daidaita sarƙa. Allura da raminta ma suna cinyewa da tsufa su riƙa sakin fetur fiye da kima, kuma sauya su ya fi ƙuntata jet amfani.

7.0 Harshen Sana'ar

Ga mai nazarin harshe, wannan fage yana nuna hanyoyi biyu na samar da kalmomi. Sunayen sassa galibi aro ne da aka daidaita da tsarin sautin Hausa, kamar fulogi da fistin da salansa da totur. Bayanin halin da inji yake ciki kuwa daga jikin ɗan Adam aka ɗauko shi: babur yana "shan" mai, yana "shaƙewa", yana "tari", yana "mutuwa", a kuma "tayar" da shi. Sunan ƙarfen baƙo ne, amma fahimtar ciwonsa da Hausa ake yin ta, kuma a nan ne ƙwarewar bakanike take.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi hanyar mai tun daga jarka har zuwa bakin fulogi. An ga cewa lafiyar inji mai bugu biyu ta dogara ga tsantsar fetur, da man 2T a bisa awo, da kafiretar da aka saita ta ɗan karkata ga kauri, tare da sake duba ta idan hunturu ya kama. An kuma ga cewa tsadar mai tana tura masu babura zuwa ga saitin da ke cinye jarinsu. Yayin da waɗannan injuna suke ƙaranci a titunan Tudun Wada, kanikawan da suka iya karanta muryarsu su ma suna tsufa. Tattara kalmominsu da dabarunsu a rubuce aiki ne da ke jiran sassan nazarin Hausa da makarantun koyon sana'a, tun masu ilimin suna nan a bakin aikinsu.